Maganar Rariyar Mai da Adafta a Tsofaffin Babura

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai na Jega da Aliero da Maiyama, da duk wanda takardar nan ta iske. Yau mun ɗan ajiye farashin gero da dawa gefe guda, za mu yi magana a kan babur, domin shi ne ƙafar ɗan kasuwa. Dillalin da zai kwana Andarai ya waye Sabiyal, da yamma kuma a gan shi bakin tashar Jega yana lodi, ba da sayyada yake wannan zirga-zirga ba. Ran da babur ya kwanta, ciniki ya kwanta.

Abin da ya sa munka ɗauko wagga magana, mun fara ganin wani sabon yayi ga samarin bakanikai. Sai a kawo tsohon babur a ce za a ɗaura masa adafta, watau wani ƙarfe mai zare da tiyo biyu, a maƙala masa filtar mota irin ta gwangwani, a ce wa mai shi daga yau injinka ya zama na mota. Mu dai ra'ayinmu, ga irin baburan da muke hawa a nan, wanga aiki asarar kuɗi ne, wani lokaci har da asarar inji. Ga dalilinmu, kowa ya auna da hankalinsa.

Da farko a san cewa babura ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai shan mai haɗe da fetur yana hayaƙi, irin Jincheng AX100 da tsofaffin Yamaha da Suzuki na zamanin iyayenmu. Wannan man injinsa ƙonewa yake yi tare da fetur, ba shi da wata filtar mai ko kaɗan, wanda ya ce zai sa masa ita ya yi niyyar cin kuɗinka. Akwai mai filtar takarda, 'yar ƙarama cikin murfi a gefen inji, irin Suzuki GN125 da waɗanda anka yi a kan samfurinsa. Sa'an nan akwai Honda CG125 da 'ya'yansa na ƙasar Sin, waɗanda sunka cika hanyoyinmu da sunaye iri-iri. Wanga na uku shi anka fi kawo wa adafta, don mutane suna cewa ba shi da filta.

To yana da ita, har guda biyu. Kamfanin Honda ya fito da CG125 a 1975, kuma ya yi shi ne musamman don ƙasashe irin namu, inda ƙura ta yi yawa, kaya sunka yi nauyi, masu babur kuma ba su cika kula da juye a kan lokaci ba. Ta farko 'yar rariya ce ta waya, tana bayan babban murfin nan na ƙasa a hannun hagu, wanda ake kwancewa in za a yi juye, tare da sifirin ɗinta. Ita ke tare manyan tarkace kafin mai ya shiga famfo. Ta biyu wani ƙoƙon ƙarfe ne a cikin inji, ɓangaren kuloci, a kan karanshaf. Yana juyawa tare da inji, mai na ratsawa ta cikinsa, datti mai nauyi yana watsuwa ya manne a bangonsa, mai tsabtatacce ya wuce. Duk wanda ya taɓa kallon mata suna sheƙa ko rairaya ya san wanga hikima: mai nauyi ya tafi gefensa, marar nauyi ya tafi nasa. Ba a sayen sabonsa, wanke shi ake yi. Matsalar kawai, cikin bakanikai akwai waɗanda ba su buɗe shi sam, domin sai an cire murfin dama an sa sabon gaskit, su kuwa juyen minti goma sunka fi so. Shekara da shekaru datti na taruwa har ƙoƙon ya cika kamar an danna masa laka, daga nan ba ya tace komai. Sai a ɗora wa injin laifin rashin filta.

Yanzu ga illar adafta. Injin mota famfonsa na tura mai da ƙarfi, filtar gwangwani kuma an yi ta ne daidai da wannan ƙarfi. Karanshaf na CG kuwa a kan boris yake tafiya, famfonsa ƙarami ne, mai yake zagayawa da shi ba tare da matsi mai yawa ba, kuma man duka bai wuce kusan lita 1 ba. Irin adaftar da munka gani, a gurbin murfin rariya ake ɗaura ta, watau ta wajen da famfo ke zuƙo mai. Ka sa takarda mai kauri a gaban ƙaramin famfo, ka ƙara masa tiyo biyu, ka ce ya zuƙa: kamar ka ba yaro kara mai toshiya ka ce ya sha fura da shi. In kuma bakin tiyo ya ɗan saki, iska famfon zai zuƙa. Kan inji, can sama, shi ne na ƙarshe da mai ke kaiwa, shi ne kuma na farko da zai bushe. Ƙari a kan haka gwangwanin yana rataye a waje, kusa da ƙasa, kusa da salansa, a hanyar da ke da dutse da kututture da gefen kwalbati.

Ba ji munka yi ba, a gidanmu anka yi. Bara da albasa ta faɗo, wani yaronmu ya kai baburin da muke aike da shi wurin wani bakanike, anka ɗaura masa adafta da filtar mota, kuɗin da ya kai na tiya da yawa na gero. Kwana ashirin bai cika ba, yana dawowa daga ƙauye da kuɗin mutane a jikinsa, tiyo ya goga da salansa ya huje. Mai ya tsiyaye a hanya bai sani ba, sai da inji ya buga tsakanin Maiyama da Jega, rana ta faɗi. Allah ya tsare, wani mai a-kori-kura da ya san mu ya ɗauko shi. Amma an sauke inji, an sayi fistin da ringi da kwanrod, babur ya yi mako biyu a kwance, daidai lokacin da kowa ke neman albasar Aliero.

Kada a ce mun ƙi gaskiya. Adafta ba ƙarya ba ce a inda anka yi ta. A Amurka da Ingila masu tsofaffin manyan baburan tafiya mai nisa, irin Honda Gold Wing da ya fito a 1975 da Honda CB750, suna sa ta, domin waɗannan injuna tun asali da filtar takarda sunka zo, famfonsu mai ƙarfi ne irin na mota, kuma adaftar an auna ta ne ga wannan inji shi kaɗai, tana zama a gurbin filtar asali. Wanda ke da irin wannan babur, ya kuma samu adaftar da anka yi dominsa, ba mu da ja. Abin da muke ƙi shi ne a ga abu a waya, a je wurin mai yankan ƙarfe a ce ya kwaikwaya, a gwada a kan jarin talaka.

Wasu kuma suna cewa ƙurar hunturu ce ta sa suke neman babbar filta. To ƙura ta hanyar iska take shiga inji. Ku duba soson iska na baburanku: da yawa ya yage, wasu an cire shi gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Wanda ya bar ƙofar rumbu a buɗe ba ya kuka da ɓera.

Mun san abin da ke tura mutane ga dabaru. Tun da anka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin mutane da yawa, kowa na lallaɓa tsohonsa. Don haka ga shawararmu, wadda ba ta cin kuɗi da yawa.

A yi juye a kan lokaci. Mu a namu, mai shiga ƙauye kullum ba ma bari ya wuce kilomita 1,000 zuwa 1,500. A yi shi inji na da ɗumi, don datti ya biyo mai. Duk juye a ce bakanike ya ciro rariya a gabanka, ya wanke ta da kananzir, ya duba zoben roba na murfin. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli a cikinta, inji na faɗa maka ciwonsa tun bai kwanta ba. Ƙoƙon ciki a buɗe shi a kankare aƙalla sau ɗaya a shekara, mu kafin kaka muke yi, da sabon gaskit. Mai filtar takarda ya sayi daidai tasa, ya lura da sifirin da zoben roba da ke tare da ita, kada a juya ta baibai, kada kuma a wanke tsohuwa da fetur a mayar.

Sai mai kansa. A babur irin namu mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya da kuloci aiki, shi ya sa wani man mota mai santsi ke sa kuloci zamewa. A nemi gora mai hatimi wadda anka rubuta 4T da JASO MA a jikinta. Man awo na kwalba a bakin hanya, wanda ba ka san daga durom ɗin da ya fito ba, araha ce wadda ba ta ado. Babu filtar da ke mayar da gurɓataccen mai ya zama nagari.

Kalma ta ƙarshe ga 'yan'uwanmu masu shagon kayan babur da bakanikai. Mu masu hatsi, in mutum ya zuba tsakuwa a gindin buhu, kasuwa ɗaya zai ci, ta biyu kowa ya san shi. Haka naku yake. Wanda ya zo neman adafta, ku tambaye shi irin injinsa. In ba ta dace ba ku faɗa masa, ku sayar masa da gaskit da mai nagari, gobe shi zai kawo muku ƙanensa. Shugabannin ƙungiyar bakanikai da na 'yan kabu-kabu a garuruwan nan uku muna roƙon su zauna da yaransu a kan wagga magana kafin damina ta sauka hanyoyi su ɓaci.

Wanda ya ga kuskure a abin da munka faɗa, rumfarmu na nan layin 'yan hatsi, ya zo mu tattauna.