Sikelin Da Ke Auna Ƙwayar Cuta

Wannan mako zancenmu a kan wani sikeli ne wanda ba shi da faranti, ba shi da duwatsun awo.

Duk wanda ya taɓa riƙe molo ya sani, in aka liƙa ɗan kakin zuma a tsirkiya, muryarta sai ta yi ƙasa, gama nauyi ya rage mata saurin kaɗawa. To, asirin ke nan. A 1959 wani Bajamushe, Günter Sauerbrey, ya nuna haka abin ya ke ga fallen dutsen kwaz, irin na cikin agogon batir. In wani abu ya zauna a kansa, kaɗawarsa ta kan ragu daidai gwargwadon nauyin. Watau ba ka bukatar ganin abin, ƙidaya kaɗawar ta isa.

Daga baya masana suka riƙa sassaƙa 'yan tsinkaye na silikon, waɗanda gashin kai ya fi su kauri nesa ba kusa ba. A 2004, a Jami'ar Purdue ta Amurka, an gane saukar ƙwayar bairas guda tak a kan irin wannan tsinke. A 2012 kuwa, a Basalona, an kai ga awon da bai wuce nauyin zarrar haidirojin ɗaya ba. Iko sai Allah!

Amma kada mamaki ya rufe mana ido. Wannan sikeli makaho ne, bai san ƙura da cuta ba, nauyi kaɗai ya sani. Don haka a kan shafe shi da wani sinadari wanda ba ya kama kome sai abin da a ke nema. Sa'an nan ga wahalar ruwa. Kaɗa molo cikin tulu ka ji in za ta yi amo! Ga shi kuwa jini ruwa ne, ƙwayoyin cuta kuma cikin ruwa su ke rayuwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Scott Manalis da abokan aikinsa na MIT a 2007. Maimakon su tsoma tsinken cikin ruwa, sai suka huda shi, suka bi da ruwan ta cikinsa, shi kuwa yana kaɗawa inda babu iska. Kowace ƙwaya ta wuce, a auna ta da ranta. In an zuba magani ta daina ƙara nauyi, an san maganin ya ci ta. A ganina wannan ya fi awon zarra amfani ga likita, wanda ya kan jira kwana biyu ko uku kafin ƙwayoyi su tsiro a faranti, majinyaci kuwa yana kwance.