Kasuwar Ƙwallon Ƙafa: Darasin Amurka Ga 'Yan Kasuwar Keffi

A duk ranar Asabar da Lahadi, da zarar la'asar ta yi, gidajen kallon ƙwallo na garin Keffi sukan cika maƙil da matasa da magidanta. Kowa ya biya kuɗin ƙofa, an tayar da janareta, an zura wa akwatin talbijin ido ana kallon ƙungiyoyin Ingila da na Sifen. Mai gidan kallo yana samun na cefane, mai sayar da ruwan sanyi da mai tsire su ma suna samun nasu, amma kaso mai tsoka na wannan ciniki yana tafiya ne ga kamfanin tauraron ɗan'adam da ake biya duk wata, daga can kuma ya zarce zuwa aljihun ƙungiyoyin Turai. Haka abin yake a Masaka da Mararaba da Akwanga da Lafiya. Ke nan akwai kasuwa, akwai masu saye, abin da ya yi ƙaranci shi ne hajar gida.

Wannan shi ya sa ya kamata 'yan kasuwar wannan yanki su dubi yadda ƙasar Amurka ta raini wasan ƙwallon ƙafa na ƙwararru daga abin da ake yi wa dariya har ya zama sana'a ta biliyoyin daloli. Matsalar Amurka da ta Nijeriya kamar hannun riga suke. Amurkawa suna da kuɗi da tsari, amma zukatansu suna ga ƙwallon kwando da ƙwallon zari-ruga irin tasu da sauran wasanninsu na gado. 'Yan Nijeriya kuwa son ƙwallon ƙafa a jininsu yake, tsari da amana ne suka yi musu wuya. Idan har waɗanda ba su da sha'awar abu sun iya gina masa kasuwa, to masu sha'awar ba su da hanzari.

Yunƙurin farko na Amurkawa bai yi armashi ba. A shekarar 1968 suka kafa gasar NASL, suka ɗauko manyan taurarin duniya da kuɗi masu yawa, ciki har da Pele na Brazil wanda ya shiga ƙungiyar New York Cosmos a 1975. Filaye suka cika, ƙungiyoyi suka yawaita har suka kai 24 a 1978. Sai dai kowace ƙungiya ta shiga gasar kashe kuɗi da 'yar uwarta, abin da ke fita ya ninka abin da ke shigowa, kafin a ankara gasar ta durƙushe bayan kakar wasa ta 1984. Duk wanda ya tuna yadda ƙungiyoyin attajirai da na kamfanoni irin su Abiola Babes da Leventis United suka haskaka a Nijeriya cikin shekarun 1980, sannan suka ɓace bat da zarar masu su sun janye hannu, ya san wannan cuta ba baƙuwa ba ce.

Da hukumar FIFA ta ba Amurka izinin shirya gasar cin kofin duniya ta 1994, ta gindaya mata sharaɗin kafa sabuwar gasar ƙwararru. Gasar ta 1994, wadda a cikinta Rashidi Yekini ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a kofin duniya, ta tara 'yan kallo fiye da miliyan 3.5. Sabuwar gasar MLS ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10, a shekarar da Nijeriya ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta, kuma a shekarar da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa daga tsohuwar jihar Filato. Waɗanda suka kafa ta sun ɗauki izina daga faɗuwar NASL. Suka mai da gasar tamkar kamfani guda, 'yan wasa suna ƙulla kwantaragi da hukumar gasar, an ƙayyade iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, masu jari kuma suna raba riba da asara tare.

Duk da haka shekarun farko sun yi ɗaci. An ƙiyasta cewa gasar ta yi asarar kimanin dala miliyan 250 cikin shekaru biyar na farko, kuma a farkon 2002 aka rufe ƙungiyoyi biyu na jihar Florida, wato Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny. Wasu attajirai ƙalilan ne suka riƙe ta, musamman Lamar Hunt da Philip Anschutz, wanda a wani lokaci shi kaɗai ke ɗauke da nauyin ƙungiyoyi shida. Abubuwa uku suka juya akalar al'amarin. Na farko, sun daina yi wa wasan kwaskwarima don burge baƙi. Da farko sun ƙirƙiro wasu dokoki nasu, irin su raba gardama a duk wasan da aka tashi kunnen doki da agogo mai ƙidayar baya, sai suka lura masoya wasan na ainihi sun guje su, baƙin kuma ba su zo ba, don haka suka watsar da su bayan kakar 1999. Na biyu, sun fara gina filayen kansu. Hunt ya gina wa ƙungiyar Columbus Crew fili mai ɗaukar mutum dubu ashirin da 'yan kai a 1999, sauran suka bi sahu. Kafin nan haya suke yi a manyan filayen wasu wasanni, inda mutum dubu goma sha biyar kan zama kamar ɗigo a cikin randa, kuɗin abinci da na ajiye motoci kuma ya tafi ga mai fili. Na uku, sai bayan da harsashi ya kafu sannan suka koma ɗauko taurari, David Beckham a 2007, Lionel Messi a 2023.

Sakamakon wannan haƙuri a bayyane yake. Ƙungiyar Toronto ta biya dala miliyan 10 don shiga gasar a 2007. Ƙungiyar San Diego, wadda ta zama ta 30 a 2025, dala miliyan 500 ta biya. A 2022 kamfanin Apple ya sayi izinin nuna wasannin kan dala biliyan 2.5. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu iya magana.

Garin Keffi yana da hannu a wannan kasuwa, ko da yake ba kowa ya lura ba. Sunusi Ibrahim, haifaffen Keffi, yana cikin 'yan wasa biyu da suka fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙwararru ta Nijeriya a 2019 sa'ad da yake bugawa Nasarawa United, kuma a 2021 ƙungiyar Montreal ta ƙasar Kanada, wadda ke cikin gasar MLS, ta ɗauke shi. Silas Nwankwo ya yi irin wannan bajinta a 2021 kafin ya wuce ƙasar Suwidin, Anas Yusuf kuma ya maimaita ta a kakar 2024 zuwa 2025. Ƙungiyar da ta fitar da gwanayen cin ƙwallo uku cikin shekaru bakwai tana da haja mai daraja a hannunta. Ita dai Nasarawa United, wadda gwamnatin jihar ta kafa a 2003, ta zo ta biyu a gasar ƙasa a 2006, ta kuma kai wasan ƙarshe na cin kofin ƙalubale a 2016 da 2021, inda duka biyun ta sha kaye a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Takwararta ta mata, Nasarawa Amazons, ta lashe gasar mata ta ƙasa a 2013 da 2017.

Amma duk wannan tarihi bai mai da ƙungiyar sana'a mai riƙe kanta ba, kuma ba ita kaɗai ke cikin wannan hali ba. Tun da aka fara gasar ƙwararru a Nijeriya a 1990, yawancin ƙungiyoyi mallakar gwamnatocin jihohi ne. Kasafin kuɗinsu daga baitulmali yake fitowa, shugabanninsu naɗa su ake yi, in gwamnati ta canza su ma su canza. Ƙungiyar da cinta da shanta ba su dogara ga ɗan kallo ba, babu abin da zai tilasta mata ta kula da shi. Shi ya sa ake ganin wasa ba ya farawa kan lokaci, wurin zama babu inuwa, babu makewayi mai tsabta, a wasu lokuta ma a buɗe ƙofa kyauta domin siyasa, abin da ke koya wa jama'a cewa wasan gida ba abin biya ba ne. Kazalika, yawan cin zarafin alƙalan wasa da ake samu a filaye daban-daban na ƙasar, da imanin da jama'a suka yi cewa mai masauki ba ya shan kaye a gidansa, sun rage wa hajar daraja. Babu mai son biyan kuɗi ya kalli wasan da ya riga ya san ƙarshensa, babu kuma kamfanin da zai so a ga tambarinsa a filin da ake jifa da duwatsu.

Za a iya cewa Keffi ba ta da Hunt, ba ta da Anschutz, kuma talakan da ke fama da tsadar abinci da ta mota ba shi da rarar sayen tikiti. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma duk mai shirin zuba jari ya kamata ya sa ta a ma'auni. Sai dai wannan talakan ne ke biyan kuɗin gidan kallo duk mako, shi ne ke sayen rigar Arsenal ko ta Barcelona a kasuwa. Bugu da ƙari, an riga an ga misali a cikin gida. Ƙungiyar Remo Stars ta ɗan kasuwa Kunle Soname tana zaune ne a Ikenne, ƙaramin gari a jihar Ogun. Ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara 'yan wasa, kuma a 2025 ta lashe gasar ƙasa, ta sha gaban ƙungiyoyin gwamnatoci masu shekaru aru-aru. A Kano ma, yadda jama'a ke tururuwa zuwa filin wasa na Sani Abacha don kallon Kano Pillars, musamman lokacin da Ahmed Musa ya dawo mata, ya nuna cewa ɗan Arewa zai fito kallon na gida idan ya ga abin da ya cancanci fitowa.

Keffi kuwa tana da abin da Ikenne ba ta da shi. Tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai ce tsakaninta da Abuja a kan tagwayen hanya, kuma a bakin wannan hanya, daga Mararaba zuwa Masaka, akwai ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa da iyalansu waɗanda ba su da wurin shaƙatawa a ƙarshen mako. Akwai dubban ɗalibai a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke garin, ga ma'aikatan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Wasan folo da Sanata Ahmed Aliyu Wadada ya kafa wa fili a Keffi ya riga ya nuna cewa baƙi da kamfanoni za su tako garin saboda wasa, masu otal da masu abinci kuma su amfana.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara da ƙarami. Wasu 'yan kasuwa su haɗa hannu su yi rajistar kamfani, kowa ya san hannun jarinsa, su kafa ƙungiya a ƙaramin rukuni na gasar ƙasa, tare da ƙudurin cewa shekaru biyar na farko na shuka ne. Su nemi yarjejeniyar riƙe fili na dogon lokaci, matsakaici, mai katanga da ƙofofi da inuwa da wurin zaman mata da yara, ta yadda kuɗin ƙofa da hayar rumfuna da allunan talla za su shiga asusun ƙungiya. Su ƙayyade albashi daidai ƙarfinsu, su kuma biya shi kan kari, domin ɗan wasan da ke bin bashin wata huɗu shi ne mai sauƙin saye. Su sayar da tikitin kaka guda a kan rangwame ga ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi. Su bayyana lissafin shige da fice duk shekara, domin mai talla ba ya zuba kuɗi a rijiyar da bai ga ƙasanta ba.

Sai kuma batun takardu, wanda nan ne ake tafka asara mafi girma. Dokar FIFA ta tanadi cewa duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun yana ɗan shekara 12 har zuwa 23. Ƙungiyar unguwa da ta yi wa yaranta rajista yadda ya kamata tana iya cin wannan gajiya shekara da shekaru. Wadda ba ta yi ba kuwa, ta yi wa dillalai noma.

Ita gwamnati, aikinta a nan shi ne samar da fili da tsaro da hanya, da kuma hukunta masu tayar da tarzoma ko su wane ne. Ya kamata kuma ta fara tunanin sayar wa jama'a wani kaso na hannun jarin Nasarawa United sannu a hankali, domin ƙungiyar ta sami masu ita waɗanda za su tambayi inda kowace naira ta shiga. Kuɗin da za a rage daga wannan ɗawainiya ya fi amfani a wasannin makarantun firamare da na sakandare, inda ake haƙo 'yan wasan tun asali.

Amurkawa sun shafe shekaru kusan talatin suna koya wa jama'arsu son wasan da yaron Keffi ke bugawa ba takalmi tun kafin ya shiga makaranta. Rabin aikin da ya ci musu miliyoyin daloli, a nan an same shi kyauta. Sauran rabin, wato fili mai kyau da lissafi mai tsabta da alƙalanci na gaskiya, yana jiran 'yan kasuwar da za su iya shuka su jira damina. Muddin ba su fito ba, yaran yankin za su ci gaba da yi wa ƙungiyoyin ƙetare wasa, iyayensu da yayyensu kuma su ci gaba da biyan kuɗi don su kalle su a talbijin.