Ba Kowane Biki Ne Ƙanin Kirsimeti Ba

Da zarar Disamba ya kama, makarantun firamare da yawa a Amurka sukan buɗe darasin zane da suke kira bukukuwan hunturu na duniya. Yara su yanka takarda su yi bishiyar Kirsimeti, su zana fitilar Hanuka ta Yahudawa mai rassa tara, su jera kyandirori bakwai na Kwanza, su mulmula yumɓu su yi fitilar Diwali ta Hindu. Daga ƙarshe a manna jinjirin wata a gefe, don kada Musulmi su ce an manta da su. Malamai da iyaye suna yabawa, wai haka ake koya wa yara zaman lafiya da mutunta juna. Ni ban yarda ba. Abin da darasin yake dasawa a zuciyar yaro shi ne kowace al'umma tana da nata Kirsimetin, kala da suna ne kawai suka bambanta. Wannan kuwa ƙarya ce.

A duba kalanda. Diwali a Oktoba ko Nuwamba ake yin sa, ya wuce tun kafin a fito da almakashi. Sallah ba ta da alaƙa da sanyi ko zafi, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Rabon da a yi Babbar Sallah a Disamba tun 2008, kuma azumi ba zai sake kamawa a watan ba sai ƙarshen 2030. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar a ranar 7 ga Janairu suke nasu bikin. A Brazil da Afirka ta Kudu kuwa, Disamba lokacin zafi ne.

Hanuka ya fi kowanne shan wahala. Biki ne na kwana takwas, na tunawa da yadda Yahudawa suka ƙwato wurin ibadarsu a Kudus suka tsarkake shi, shekara 164 kafin haihuwar Annabi Isa. A addininsu ƙaramin biki ne. Ranar da ta fi girma ita ce Yom Kifur, ranar azumi da tuba, a Satumba ko Oktoba. Amma da yake ranar tuba ba ta da kyalkyali, kuma ba ta maƙwabtaka da Kirsimeti, sai yaro ya gama firamare bai taɓa jin sunanta ba. Kwanza kuma Maulana Karenga ne ya ƙirƙiro shi a Kalifoniya a 1966 domin baƙaƙen fatar Amurka. Tarihinsa na gwagwarmaya abin koyarwa ne. Sai dai a ɓoye tarihin, a nuna wa ɗan Bahaushen da ke zaune a unguwar Bronx ta New York kyandir, a ce masa ga bikin Afirka, alhali kakarsa a Kumasi ko Damagaram ba ta san da shi ba.

Ina tushen wannan ɗabi'a? Ina ganin tsoron kotu ya fi son ilimi yawa a cikinta. A 1989 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan birnin Pittsburgh: siffar haihuwar Annabi Isa da aka ajiye ita kaɗai a ginin kotu ta saɓa wa tsarin mulki, amma fitilar Hanuka kusa da bishiyar Kirsimeti ba laifi. Darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne a tara alamomi barkatai, a tsira da shagalin Disamba. An gudu gara an faɗa gidan zago: don kada a fifita addini ɗaya, an mayar da sauran 'yan rakiyarsa. Shi kansa Kirsimetin bai tsira ba, an bar shi da bishiya da dusar ƙanƙara ta auduga.

Za a ce ai yara ne, kuma kaɗan ya fi babu. Gaskiya ne hannu yana koya wa yaro abin da kunne ba ya kamawa, kuma ba da zane nake faɗa ba. Amma ƙuruciya ce ta sa ya kamata a yi hattara, domin abin da aka fara koya shi ya fi wuyar gogewa.

Gyaran ba shi da tsada. Birnin New York ya fara rufe makarantun gwamnati ranar Sallah a 2015, kuma a 2023 aka sa hannu kan dokar da ta ƙara Diwali. Malamin zane ya bi sawu. Ya koyar da adon garin launi da Hindu ke yi a ƙofar gida a makon Diwali, ya koyar da zayyana da rubutun Larabci ana gobe Sallah, ya gayyato iyaye su faɗi me ake yi da dalilinsa. Disamba kuma a bar wa masu shi, a kira bikinsu da sunansa ba tare da kunya ba.