Kafin Ka Biya Kuɗin Haya, Tambayi Ƙasar Tsakar Gida

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wasiƙar da wani ma'aikacin gwamnati ya aiko wa wannan fili. Ya ce an yi masa canjin wurin aiki daga Gusau zuwa Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, ga shi kuwa da mata da 'ya'ya huɗu: biyu suna firamare, ɗaya ta isa shiga sakandare, autan kuma bai daɗe da fara rarrafe ba. Yana tambaya wace unguwa ce ta dace da mai iyali, kuma ina makaranta mai kyau take. Irin wannan tambaya tana bakin 'yan kasuwa da yawa da suka taso daga ƙauyuka zuwa cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, musamman tun bayan hare-haren farkon watan Janairu na 2022.

Malam, ambaton sunan unguwa ba zai amfane ka ba, domin unguwa takan sake hali cikin shekara biyu. Abin da zan ba ka shi ne tambayoyin da za ka yi, kuma zan fara da autan nan naka, wanda ka ambata a ƙarshe, alhali kuwa shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan aka yi kuskuren gida.

Magabata sun ce a zaɓi maƙwabci tun ba a sayi gida ba. Mu dai mun saba fassara wannan magana da halin maƙwabci, wato ko yana salla, ko matarsa mafaɗaciya ce. To, a yammacin Zamfara an koya mana cewa sana'ar maƙwabci ma tana ciki, kuma kuɗin karatun da aka biya rayukan yara ne. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Guru. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai ci ba. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce. Yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. A ƙauyuka biyu da aka bi gida gida, an tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu.

Yadda abin ya faru shi ne ya kamata mai neman gida ya riƙe. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya a wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawa. Mutane suka riƙa kawo shi cikin gida, a farfasa, a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, a wanke a kududdufi. Ƙurar ta bi ƙasa da bango da tabarma da kwanon abinci. Babba yakan jure na wani lokaci, amma yaro mai rarrafe hannunsa yana ƙasa, bakinsa yana hannu. A wasu gidaje an auna ƙasa aka sami dalma fiye da kashi 10 cikin 100. Dalma kuwa ba ta wari, ba ta ruɓewa, shara ba ta fitar da ita. Sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka zubo sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai a 2013, kuma MSF ba ta miƙa aikin jinyar ga hukuma ba sai a 2022.

Ga inda maganar ta haɗu da maganar makaranta. Yaron da dalma ta shiga jininsa, ko bai mutu ba, takan taɓa ƙwaƙwalwarsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Magani yana rage ta a jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata. Sai yaro ya girma yana jinkirin fahimta, a kai shi makarantar allo hadda ta ƙi zama, a kai shi boko lissafi ya gagara, malam ya yi ta bulala, uba ya yi ta faɗa cewa ɗansa daƙiƙi ne. Ina amfanin makaranta mai bene da kuɗin zango mai tsada ga yaron da aka cuta tun yana goye?

Saboda haka kafin ka biya dillali, tambayi mai unguwa da limamin masallacin layin: wa ya zauna a gidan nan kafin ni, kuma mece ce sana'arsa? An taɓa daka dutse ko niƙa shi a ciki? Daga wane kududdufi aka ɗebo ƙasar da aka yi tubali da yaɓe? Injin niƙan da ke layin, hatsi kaɗai yake niƙawa? Kada ka ji kunyar tambaya. A watan Disamba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019, don haka maganar ba tarihi ba ce. In da hali, zaɓi gida mai daɓen siminti, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura.

Wani zai ce ai neman halali ne, ba a hana mutum sana'a a gidansa. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware wannan. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, wanda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da shi, an nuna cewa alƙali yana da ikon hana hayaƙi mai damun maƙwabta, da warin majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayi. To idan an hana ƙaiƙayi, wanda iyakarsa ya shiga ido, ina ga ƙurar da ke kashe yaro? Ɗan kasuwar da ke sayen zinariya ko ba da hayar inji, shi ma ya auna kansa da wannan ma'auni.

Tambaya ta biyu ita ce hanya. Fili a bakin gari ya fi araha, ga iska, ga sarari, shi ya sa ma'aikata ke son sa. Amma a wannan zamani gidan ƙarshe shi ne gidan farko ga mai zuwa daga daji. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a watan Satumba na 2023, daga gidajen haya na Sabon Gida aka kwashe su, a wajen gari. 'Yan mata 279 na Jangebe kuwa, a ɗakunan kwanansu aka same su a watan Fabrairu na 2021, kuma a Satumba na wannan shekara, bayan abin da ya faru a Kaya ta Maradun, sai da aka rufe makarantun jihar baki ɗaya. Ra'ayina game da 'yarka da ta isa sakandare shi ne, makarantar jeka-ka-dawo da take zuwa da ƙafa cikin mutane ta fi wata mai suna wadda sai an ratsa gonaki. Ɗaki biyu a tsakiyar gari ya fi ɗaki biyar a inda ba mai jin kururuwarka. Wanda kuma zai zauna Gummi ya tuna ambaliyar watan Agusta na 2024, ya duba alamar ruwa a jikin bango kafin ya yarda da gida a kwari.

Sai ita kanta makarantar. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamba na 2023, an kuma gyara gine-gine a wurare da dama, amma fenti ba ya koyarwa. Je ka da kanka ranar Litinin da hantsi ba tare da sanarwa ba. Ƙirga malaman da ke cikin aji, ba waɗanda ke cikin rajista ba. Nemi izinin hedimasta ka miƙa wa ɗan aji huɗu littafin Hausa ka ji ko zai karanta layi uku. Duba ko akwai ruwa da makewayi na 'yan mata daban, domin rashinsa yakan zaunar da yarinya a gida ba tare da ta faɗa wa kowa dalili ba. Haka za ka yi wa Islamiyya da yamma, ka ji wane littafi ake karantawa bayan Ahalari da Ishmawi, kuma a wurin wa malamin ya yi karatu.

Na san wasu abokan aikinka za su ce ka bar iyali a Gusau ka riƙa zuwa ƙarshen mako. Wannan ma hanya ce, ba na zargin wanda ya bi ta, sai dai ka sa a lissafi cewa kowane mako za ka bi hanyar Anka sau biyu, kuma yaran za su yi kwana biyar ba mai tambayarsu abin da aka koya musu. In ka yanke shawarar tafiya da su, ka riga su zuwa da wata guda, ka sauka wurin wani abokin aiki, ka yi sallar asuba da ta lisha a masallacin unguwar da kake so, ka ga ko mutane suna fitowa a waɗannan lokuta biyu ba tare da fargaba ba. Sa'an nan ka aika a zo da kaya.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin kuɗin dillali da kuɗin haya na shekara biyu da ake karɓa gaba ɗaya.