Sharhi: Sa hannun masu filaye na iya jinkirta binne wayoyin lantarki a Kalifoniya

A watan Nuwamban 2018, layin lantarki na kamfanin PG&E ya tayar da gobarar dajin da ta cinye garin Paradise a Jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 85 suka rasa rayukansu. A 2020 kamfanin ya amsa laifin kisa ba da gangan ba a gaban kotu. A watan Yulin 2021 kuma ya yi alƙawarin binne wayoyi masu tsawon mil 10,000 a ƙarƙashin ƙasa, domin iska da rassan bishiyoyi su daina taɓa su.

Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga kuɗi, tunda kowane mil yana cin miliyoyin daloli, kuma masu biyan kuɗin wuta ne za su ɗauki nauyin. A 2023 hukumar kula da kamfanonin lantarki ta jihar ta amince da mil 1,230 kacal zuwa 2026.

Amma akwai cikas ɗin da ba a cika magana a kai ba, wato izinin mai fili. Takardar da ta ba kamfani damar kafa falwaya a gonar mutum shekaru da dama da suka wuce ba lallai ta ba shi damar haƙa rami ko girka akwatin taransifoma a ƙofar gidansa ba. Sau da yawa sai an nemi sabon izini a rubuce, wanda ke bin filin ko da an sayar da shi, ya kuma hana mai shi yin gini a kan layin.

Don haka mutum ɗaya da ya ƙi sa hannu zai iya sa a sauya hanyar layin, ko aikin unguwa ya tsaya. Doka ta ba kamfanin damar zuwa kotu ya karɓi izinin da ƙarfi bayan biyan diyya, sai dai shari'a tana cin lokaci, damunar gobara kuwa ba ta jira.

Mai filin ma yana da hujja. Kamfanin da sakacinsa ya ƙone gari ne yake neman a ba shi amana. Muddin bai fayyace wa jama'a inda ramin zai bi, da diyyar da zai biya, da wanda zai gyara ɓarnar haƙa ba, maƙwabtan da suka riga suka sa hannu za su ci gaba da kwana ƙarƙashin tsofaffin wayoyi.