Littafin da Ke da Ikon Tsawata wa Mai Karanta Shi

Kusan duk Kiristan da ka tambaya, a Jos ne ko a Zonkwa ko a Maraɗi, zai ce maka Littafi Mai Tsarki shi ne ma'aunin bangaskiyarsa da rayuwarsa. Ba na shakkar wannan furuci. Tambayata a wannan mako ita ce: yaushe rabon da Littafin ya hana mai furucin wani abin da ransa ke so? A ganina, a nan ake gane ko nassi na da iko a kan mutum, ko kuwa mutumin ne ke juya nassi yadda ya ga dama.

Tarihi ya ajiye mana misali mai ɗaci. A shekarar 1807 an buga wani tsakure na Littafi Mai Tsarki a Landan domin bayin da ke aiki a tsibiran Karebiyan da ke ƙarƙashin Ingila. An bar ayoyin da ke umartar bawa da biyayya ga ubangidansa, aka cire labarin fitowar Isra'ilawa daga bautar Masar. Masu wannan aiki sun yi amfani da almakashi ne kawai, suka mai da littafin da ya kamata ya tuhume su ya zama mai ba da shaida a kansu da alheri.

A yau ba a buƙatar almakashi, lambar aya ta wadatar. Marubutan Littafin ba su raba shi surori da ayoyi ba. Rabon surorin da ake bi yanzu ana danganta shi ga Stephen Langton a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ne ya sa su a bugunsa na 1551. Wannan ya sauƙaƙa bincike, amma ya sauƙaƙa tsame jimla ɗaya daga muhallinta. Dubi Zabura 105:15, wadda wasu shugabannin ikilisiya kan jawo da zarar an nemi bayanin kuɗin baiko. Wanda ya karanta zaburar daga farko zai ga tana magana ne a kan yadda Allah ya kare Ibrahim da zuriyarsa daga sarakuna lokacin da suke baƙi marasa yawa. Babu inda ta keɓe wani fasto daga tambaya. Bisharar Matiyu, sura ta 4, ta nuna cewa Iblis ma ya kafa hujja da Zabura sa'ad da yake jarraba Yesu.

Wani zai ce ai Kiristoci kansu sun saɓa a kan wannan iko. Haka ne. A 1521, a birnin Worms na Jamus, Martin Luther ya ƙi janye koyarwarsa sai an gamsar da shi da nassi ko hujja bayyananniya. A 1546 Majalisar Trent ta Katolika ta tabbatar da matsayin al'adar da aka gada daga manzanni tare da nassi. Har yau Furotesta na ƙirga littattafai 66, Katolika 73. Duk da haka, takardar Dei Verbum ta 1965 ta bayyana cewa hukumar koyarwa ta ikilisiyar Katolika mai hidima ce ga Maganar Allah, ba ta fi ta ba. Ashe ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa mai wa'azi yana ƙarƙashin abin da yake wa'azi da shi. Shi ya sa Ayyukan Manzanni, sura ta 17, ta yaba wa mutanen Biriya da suka riƙa gwada maganar Manzo Bulus da nassi kowace rana.

Mai jin Hausa ba shi da uzuri a nan. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin mafassara irin su Likita Walter Miller na Zariya, yanzu kuma yana cikin wayar hannu. Abin da ke cikinsa ya shafi kasuwa da gona da ofis kai tsaye. Annabi Amos, a sura ta 8, ya la'anci 'yan kasuwar da ke rage mudu da yin maguɗin sikeli. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5, ta yi gargaɗi mai tsanani ga mawadatan da suka danne ladan masu girbi. Annabi Natan kuwa ya tunkari Sarki Dauda a fadarsa kan abin da ya yi wa Uriya, sarkin ya amsa laifinsa.

Don haka shawarata ga mai karatu Kirista, musamman ɗalibi, ita ce ya zaɓi littafi guda ya karanta shi daga farko har ƙarshe a zama ɗaya. Amos surori tara ne, Yakubu biyar. In ya iso wurin da maganar ta soke shi, ya dakata a nan kafin ya tuna da maƙwabcin da ta dace da shi. Dillalin da ya mayar da mudunsa daidai, da maigidan da ya biya direbansa albashin da ya riƙe, sun fi mai haddace ayoyi ɗari nuna cewa Littafin na da iko a gidansu.