Zaɓin Darussa a Sakandare: Wa Yake Zaɓa?

A Nijeriya, ɗalibi yakan yi shekara 3 a ƙaramar sakandare, sannan ya yi wasu 3 a babbar sakandare. Ranar da ya shiga babbar sakandare, yana ɗan shekara 15 ko kusa da haka, ake raba shi da abokansa: wasu su tafi ajin kimiyya, wasu ajin adabi, wasu kuma ajin kasuwanci. Ana kiran wannan rabo zaɓi. Amma a Arewacin ƙasar, sau da yawa an riga an yanke shi kafin a tambayi yaron.

Rabon yana da nauyi. Wanda bai ci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a jarrabawar WAEC ko NECO ba, ba zai karanta likitanci a jami'a ba, komai hazaƙarsa. Ƙofar da aka rufe wa yaro a wannan rana da wuya ta sake buɗuwa.

Abu na farko da yake yanke hukunci shi ne halin gida. Ɗan ma'aikaci a birni yana da mai ba shi shawara, yana da littattafai, iyayensa kuma suna iya biyan malamin da zai koya masa lissafi da yamma. Ɗan manomi a ƙauye kuwa, wataƙila makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, ba ta da malamin Fiziks. Irin wannan yaro bai ƙi kimiyya ba. Ba a kawo masa ita ba ne.

Na biyu shi ne jinsi. Yarinya takan ji ana cewa lissafi na maza ne, injiniyanci kuma bai dace da mace ba. Iyaye sukan yi lissafin aure: karatun likita shekara 6 ne, wa zai jira ta? Sai a tura ta ajin da ake ganin ya fi sauƙi. Abin mamaki, magidancin da ya hana 'yarsa shiga ajin kimiyya, shi ne yake neman likita mace idan ya kai matarsa asibiti. Daga ina likitar za ta fito? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihi ya nuna cewa matsalar tana da magani. A shekarar 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na maza a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, garin da ya koma Jihar Jigawa a 1991. Da jarrabawa ake shiga waɗannan makarantu, kuma 'ya'yan talakawa da yawa sun fito daga cikinsu sun zama likitoci da injiniyoyi. Da aka samar da malamai da kayan aiki, sai basirar da ake cewa babu ta bayyana.

Wannan ba raina adabi ba ne. Al'umma tana bukatar lauya da ɗan jarida da malamin Hausa kamar yadda take bukatar likita. Yaron da yake son tarihi, amma aka tilasta masa kimiyya don a kira mahaifinsa uban likita, shi ma an zalunce shi.

Saboda haka wajibi ne kowace sakandaren gwamnati ta samu ɗakin gwaje-gwaje da malaman kimiyya, musamman mata, domin yarinya ta ga wadda za ta yi koyi da ita. Ya kamata kuma makaranta ta zauna da iyaye tun yaro yana aji 3 na ƙaramar sakandare, a duba sakamakonsa, a ji abin da yake so. Sai an yi haka ne rabon zai cancanci sunan zaɓi.